Ƙwannafin Ladan

Har gobe ban manta da ranar da na kusa kai Malam Isa Ladan ƙarƙashin wuƙar likita ba, kuma laifin nawa ne. Lokacin ina shekara ta biyu a gidan likitan wani ƙauye kusa da Garhanga. Ni ce majo, wato shugabar ma'aikatan jinya na wurin, ga ƙuruciya ga ji da kai.

Bayan girbin gero ya zo mini, dattijo mai fara'a, muryarsa a dushe. Ya ce, "Ɗiyata, wuta ka tasowa daga cikina har maƙoshi. Na sha kanwa har na gaji." Ƙwannafi ne mai tsanani. Ga waɗanda ba aikinsu ba: a bakin tumbi akwai wata ƙofa da ke hana ruwan tsami komowa sama. In ta saki, ruwan yakan hau ya ƙona hanyar abinci, wani lokaci har ya taɓa murya. Ladan kuwa muryarsa ce komai nasa. Mutanen masallaci har sun fara maganar a nemo wanda zai karɓe shi, shi da ya yi shekara talatin yana kiran salla.

Na duba, ba ya aman jini, bai rame ba, abinci na wucewa lafiya. Na rubuta masa omeferazol, ƙwayar da ke rage tsamin tumbi, ɗaya kullum kafin karin kumallo, na wata guda. Na ce ya rage shayi mai ɗaci, kada ya kwanta da tuwo a ciki. Da wata ya cika ya dawo, murya tana nan yadda take. Na tambaye shi ko ƙwayoyin sun ƙare, ya zazzage mini fankon ledojinsu a kan tebur. Na ninka masa, safe da yamma, wata guda kuma. Ya sake dawowa da fanko, ba sauƙi.

A ƙa'idarmu, in magani ya yi sati takwas bai yi aiki ba, sai a tura mutum gaba. Na buga wa babban likitan gunduma waya, ya ce, "Kin tabbata yana sha daidai?" Na ce da idona na ga ledojin. Ya ce to in rubuta takardar turawa zuwa babban asibitin birnin Tawa, a zura masa siririn bututu mai kyamara a duba ciki. In ƙofar ta lalace ƙwarai, akwai aikin da ake yi, a naɗe saman tumbi a bakinta don ta matse. Da na yi wa Ladan bayani, fara'arsa ta ɗauke. Ya ce, "In sunka yanka ni, murya za ta komo?" Na ce sai abin da Allah ya yi. Wallahi ya ba ni tausayi.

Ranar tafiyar, da hantsi, yana zaune a kan bencinmu da ƙunshin kayansa yana jiran mota, sai ga Baba Shu'aibu Sarkin Fawa ya shigo ofis.

"Majo, ki ba ni irin maganin Ladan."

"Wa ya rubuta maka shi, Baba?"

"Rubutu kuma? Ladan ka raba muna bayan shayi, gindin iccen bedi. Tun da munka hwara sha, ni dai ƙwannahina ya kwanta. Yanzu in ya tahi Tawa, wa za ya ba mu?"

Na aje biro. Na kira Ladan na tambaye shi, ko a jikinsa. Ya ce, "To ɗiyata, mu bakwai muka zama wurin nan tun ba a haihe ki ba. Goro guda in na samu, sai an tsaga shi bakwai. Kowa na kukan ƙwannahi, sai in ɓoye magani aljihu in sha ni ɗai? Da wane ido zan dube su?"

Na lissafa a zuci: maganin watan farko, kwana huɗu kawai ya yi musu. Dariya ta ci ƙarfina, kunya kuma ta rufe ni. Na yaga takardar, na sake kiran babban likita na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Majo, kin warkar da majalisa, kin bar maras lafiya."

Washegari na sa aka kawo mini su bakwai ɗin, na duba kowa. Uku na buƙatar magani, na rubuta wa kowa nasa. Sauran shayi da yaji ne kawai ke damunsu. Na Ladan kuwa na damƙa wa matarsa, Inna Hajo, wadda ta ce ko limam ya roƙa ba za ta ba shi ba.

Aikin tiyata na nan, kuma na ga waɗanda ya yi wa rana. Amma ku da kuka shigo aiki yanzu, kafin ku ce magani ya kasa, ku san mutanen da kuke yi wa aiki. A nan fankon leda ba ya nuna cikin da ƙwaya ta shiga. Tun ranar, ba na tsayawa a kan "Ka sha?", sai na ƙara da "Kai da wa?"

Sati biyar bayan haka ina wanke hannu da azahar, na ji an ɗaga kiran salla, muryar Ladan tar har bayan rijiya. Na bar famfo na zuba, na tsaya sai da ya kai ƙarshe.