Kaset ɗin da na tarar a cikin rediyo

Shekarar da sojoji suka koma bariki ina da ɗan shagon gyaran rediyo a Shahuci. A majalisarmu ba a hirar komai sai siyasa, kowa ya zama malamin wa zai ci wa zai sha ƙasa. Ni dai ina zama cikinsu ne kawai don kada a ce na cika girman kai.

Wata rana na fita salla, wani ya bar rediyo mai kaset a wurin maƙwabcina tela, ya ce a gyara masa. Mu masu gyara, kaset ɗin da muka tarar a ciki da shi muke gwaji. Na canza bel ɗin da ke juya kaset, na danna. Jita ce ta fara a hankali, sai ganga ta afko, sai wani Bature ya ɗaga murya kamar wanda aka yi wa mutuwa. Turancina na sakandare bai kamo ko rabin abin da yake faɗa ba, amma sai da na ajiye sukudireba. Ban san su waye mawaƙan ba, kaset ɗin ko rubutu babu.

Na kai wa abokaina su ji. Ɗaya ya ce injin markaɗe ya fi wannan daɗi, aka kwashe da dariya, aka koma kan zancen kansila. Abin ya yi mini ciwo, na haɗiye.

Daga nan na ɗora raina a kan mai rediyon. Na ce lallai a cikin ganuwar nan akwai mutum ɗaya da yake jin abin da nake ji. Har tambayoyin da zan yi masa na tanada.

Bayan wata biyu ya zo. Dattijo ne, marini daga Ƙofar Mata, hannuwansa sun yi shuɗi da baban rini. Na tambaye shi cikin ladabi ko kaset ɗin na wani ɗansa ne. Ya ce a'a, rediyon a gwanjo ya saya, daga Turai ya zo da abin a cikinsa, shi tafsiri yake so ya riƙa saurare.

"Riƙe shi, Malam," in ji shi. "Me zan yi da shi?"

Na yi godiya, na raka shi har bakin titi. Wallahi da na fi so ya ce nasa ne, ya ƙwace abinsa.