Ɗalhatu Mai Ɗaure Ƙwaron Fatsa

Ɗalhatu mutumin Yawuri ne, ɗan gidan masunta, amma ɗinki ya koya. A shekarar 2016 ya samu aiki a Dubai, a wani gareji da ke Ras Al Khor inda ake sabunta kujerun mota. Yana da hannu mai kyau, ba ya da yawan magana.

Wata rana wani Bature ɗan Afirka ta Kudu ya kawo kujerun ƙaramin jirginsa na ruwa, wanda yake kai masu sha'awar kamun kifi teku da shi. Kaftin kowa ke ce masa. A ƙarƙashin wata kujera Ɗalhatu ya tsinci akwati cike da ƙugiyoyi, kowace an naɗe ta da gashin tsuntsu da zare mai walƙiya har ta yi kama da ɗan ƙaramin kifi ko ƙwaro. Ɗaya ta warware. Ya ɗauki zaren kujera ya gyara ta.

Da Kaftin ya zo ɗaukar kaya ya ga gyaran, ya daɗe yana jujjuya ƙugiyar.

"Wa ya koya maka?"

"Babu kowa. Ai ɗinki ne."

Ranar Juma'a da asuba Kaftin ya fita da shi teku, can wajen Jebel Ali. Ya nuna masa yadda ake kaɗa doguwar sanda gaba da baya har igiya ta miƙe a iska, sannan a sake ta, a riƙa fizgowa kaɗan-kaɗan don kifi ya ɗauka abinci ne ke gudu. Sau biyu Ɗalhatu ya kamo rigar jikinsa da ƙugiyar. Wajen hantsi wani kifi fari fat, mai ɗigo-ɗigo a gefe, tsawon hannu, ya cafke ƙugiyar Ɗalhatu. Sun fi minti ashirin suna ja-in-ja.

Da kifin ya iso gefen jirgi, Kaftin ya zare ƙugiyar, ya riƙe shi cikin ruwa har ya farfaɗo, ya sake shi.

 Da Ɗalhatu ya koma ɗaki ya ba da labari ga surukinsa Shu'aibu, wanda ke haɗa kago, wato kayan 'yan kasuwa da ake aikawa gida, a kasuwar Murshid Bazaar.

"Yaya, kifi ya zo hannu a mayar da shi? Wallahi mutumin nan ba ƙalau yake ba. Khalas, shi ke nan, kada ka koma," in ji Shu'aibu.

Ya koma. A fita ta huɗu ya tambayi dalilin sakin kifin. Kaftin ya ce manyan su ne masu ƙwai, in aka kwashe su, bayan 'yan shekaru sai a yini ba a ga ko ɗaya ba. Ɗalhatu ya san wannan. Ya ga yadda taru mai ƙananan ido ya share bakin kogin garinsu, har mahaifinsa ya jingine kwalekwale ya koma noman albasa.  Daga ranar dai ya fara matse ƙayar kowace ƙugiya da filaya kafin ya ɗaure ta, don ta fita daga bakin kifi ba tare da ta yaga shi ba.

Lokacin kullen korona aka rufe garejin. Ya zauna a ɗaki yana ɗaure ƙugiyoyi da gashin zabo da Shu'aibu ya taɓa kawo masa daga Kano, har ya cika gwangwanin madara uku. Da aka buɗe gari, masu fita teku suka gano kifi na son mai zanen zabon nan, suka riƙa nemansa ta waya.

A 2021 ya bar garejin ya koma aiki a jirgin Kaftin. Shi ke nuna wa baƙi yadda ake jifa, da Turancinsa kaɗan da Larabci shwaiya, wato ɗan kaɗan. Har yanzu teku na sa shi jiri, don haka ba ya karyawa sai sun dawo.