Wanda Ya Karanta Mini Bango

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha bakwai ga Afrilu, da hantsi, Hedimasta ya cika a gadon asibiti. Ban yi boko ba, 'yata ta fari ce ke rubuta wannan ina faɗa, kuma na hana ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Hedimasta, ka san ina goye aka tafi da mahaifina yaƙi, bai dawo ba. Ba kabari, ba takarda. Inna ta rasu tana cewa in nemo inda aka kwantar da shi. Na faɗa wa mutane da yawa, kowa ya ce Allah Ya ji ƙansa, ya wuce. Kai kuwa, ranar da ka ajiye alli, ka zo ƙofar shagona na ɗinki ka ce, “Taurin-kai, rufe keken nan, mu tafi.”

Shekara goma sha ɗaya muna tafiya. Tsofaffin barikoki masu igwar da ta yi tsatsa, awaki na kwance a inuwarta. Mutane na ɗaukar hoto, kai kana tsaye a rana gaban bangon dutse, tabarau na zamo maka, kana karanta mini sunayen matattu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa sai in ce, “Ba shi ba ne.” Ba ka taɓa tsallake layi ba. Na sani, don wani lokaci nakan sa ka maimaita in gwada ka.

Da aka ce mana a cocin mishan aka yi jinyar waɗanda suka ji rauni, na ce ƙafata ba za ta shiga ba. Ba ka yi mini wa'azi ba. Ka shiga ka roƙi mai kula da cocin, ya fito da littafin marasa lafiya har bakin matakala, ya zauna kusa da ni, ya riƙe mana shafin da iska ke ɗagawa. A coci na uku, ni na riga ka cire takalmi. Ka yi dariya ka ce a nan ba a cirewa. Na ce ni dai na cire.

Wuri ɗaya ya rage mana, wani coci a bayan tsohon asibitin soja. Bara ka rubuta sunan Baba da manyan baƙaƙe a kwali, ka ce in riƙa kallonsa har idona ya saba, ko da wata rana ba ka kusa. Na ji haushi. Na ce ka gaji da ni ne. Na mayar maka da kwalinka, na ƙi tafiya a shekarar. Ashe likita ya riga ya gaya maka ciwonka ba na tashi ba ne, ni ne ban sani ba. Wannan shi ke hana ni cin abinci.

Ranar da aka kai ka, maiɗakinka ta miƙo mini gidan tabaranka. Kwalin na ciki a naɗe. Ta ce, “Ya ce idan fushin ya huce a ba ka.”

Ya huce, Hedimasta. Kullum ina bin baƙaƙen da yatsa. 'Yata ta ce za ta raka ni ta karanta, na ce ta raka ni, amma ni zan duba. Zan tsaya gaban kowane dutse mai suna a cocin in kwatanta, ko zai ɗauke ni kwana uku.

Allah Ya ji ƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka yadda ka ara mini idanunka. Ga maiɗakinka da 'ya'yanka da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri. Kabarinka dai na san inda yake, ba sai an karanta mini ba.