Irin Tattasan da Ya Zama Nawa

Bagwai

Ana sallame sallar asuba na fito, da turmin atamfa a jaka, zan je sunan ƙanwata a Makoɗa. Bas ɗin hukuma na nufa, wadda ta shekara a gindin darbejiya kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, har aka ba wani ɗan kwangila ya riƙa gudanar da ita. Gaskiya mutumin ya yi ƙoƙari. Kujeru sun sha gyara, kuma ƙarfe shida ta tashi ba tare da jiran a cika ba, abin da ban taɓa gani ba a garinmu.

Sai dai ya zo da dokarsa. An taɓa ɓatar da saƙon wani aka sha rigima, don haka ya ce kaya ba ya hawa sai da mai shi. Har mai duba mota ya sa, wani Malam Nura, yana zaune kusa da direbanmu Ɗanjuma.

Watari

A mararrabar dam wani dattijo ya tsayar da mu, yana dogara sanda, rungume da jiƙaƙƙen buhu. Irin tattasai ne na dashe, saiwoyin da laka.

"Ɗanjuma, ka miƙa wa 'yata Hansai. Jiya an yi musu ruwa, in bai shiga ƙasa yau ba ya mutu."

"Baba Ilu, an hana mu saƙo. Aikina ne zai tafi."

"Yarinyar takaba take yi, ba ta fita. Ni kuma ga ƙafa. Wannan ne abincin marayunta bana."

Malam Nura ya sunkuyar da kai. "Wallahi Baba ba mugunta ba ce. Ni ma ɗauka ta aka yi."

Tausayi ya kama ni, kuma dama bakina ba ya shawara da ni. Na ce, "Miƙo nan, nawa ne."

Malam Nura ya waiwayo. "Hajiya, kin san sauran dokar? Inda kaya ya sauka, nan mai shi zai sauka."

Ban sani ba. Amma mota guda ta zuba mini ido, sai na ce, "To da fa?"

Bichi zuwa hanyar Makoɗa

A Bichi muka tsaya aka sayi ƙosai. Ni ruwan leda na saya na yayyafa wa buhuna, don ganyen ya fara langaɓewa. Wata mata ta tambaye ni gonata a ina take, na ce yau zan gano ta.

Da hantsi Ɗanjuma ya taka birki a bakin wata 'yar hanya tsakanin gonakin gero, saura kaɗan mu shiga Makoɗa. Na sauka da buhu a ka. Malam Nura ya leƙo, murya ƙasa-ƙasa: "Gida na uku, mai ƙofar langa-langa. Zan faɗa wa mai gida a sake duba dokar nan. Allah Ya saka."

Gidan Hansai

Na yi sallama. Hansai ta buɗe buhun, ta shafa ganyen, sai hawaye. Gonar a bayan gida take, kunyoyin dashe a shirye, amma daga ita sai surukarta da ba ta iya sunkuyo. Na dubi rana, na dubi leshin jikina, na ce a ara mini tsohon zane.

Rabona da dashe tun ina budurwa, kuma bayana ya tuna mini da haka. Kafin azahar mun gama. Na hau acaɓa na isa gidan suna an riga an sha fura an watse, ƙanwata tana ta mita, ni ko a jikina.

Komawa

Washegari na biyo motar. A Watari Baba Ilu na tsaye daidai inda muka bar shi, don wayar Hansai ta daɗe da lalacewa. Ya lalubo ni ta taga.

"'Yata, ya shiga ƙasa?"

Na miƙa masa hannuwana. Sabulu bai gama fitar da lakar da ke cikin farcena ba. Ya daɗe yana kallonsu, leɓensa na motsi da addu'a, har motar ta ja.

Na shiga gida kafin la'asar, na gode wa Allah da Ya kai mu lafiya, ni da kayana.