Muryar da Gwaggo Ta Yarda da Ita

Ana sallame asuba muka bar Damagaram, ni da ƙanena, a motar haya mai zuwa Gure. An bugo mana cewa Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta faɗi a tsakar gida, bakinta ya karkace. Wanda ya bugo bai ƙara komai ba sai "ku zo", kuma kowa ya san abin da akan ɓoye a bayan "ku zo".

Hanyar ma ba ta tausaya mana ba, ramuka ne direba ke ta kaucewa, rairayi ya cinye gefen titi. A Gidigir mata suka yanyame motar da dabino da cuku, busasshen nonon nan. Cukun ya yi tsadar da wani fasinja ya tambaya ko da zinariya aka haɗa shi. Ƙanena ya saya ya ci abinsa, shi tashin hankali ba ya taɓa masa ciki. Ni kuwa waya na yin ƙara sai in zaci rasuwarta za a faɗa mini.

Mun tarar da ita da rai a likita, wato asibiti, amma hannun hagu ya daina motsi. Majo, wato babban mai jinya na wurin, ya ja mu gefe. Ya ce tansiyo ce, wato hawan jini, ta kayar da ita, ta daɗe da barin ƙwayoyinta, kuma har yanzu in an kawo sai ta damƙe baki. In ta sake faɗuwa, da wuya ta tashi.

Ashe wani gidan rediyo na yankin ne ya yi ta faɗin wani jiƙo mai raba mutum da hawan jini har abada, wai a ajiye maganin likita. Talla ne, mai jiƙon ya biya. To amma mutumin da ke karanta sanarwar rasuwa da cigiyar raƙumi, shi ya karanta shi, a tsakiyar sanarwoyin, da murya guda. A wajen su Gwaggo duk abin da ya fito daga bakin nan sanarwa ce.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, don Allah ki sha. Talla ne fa."

Da ƙyar maganar ta fito. "Ɗan nan, shi ya faɗi rasuwar Malam. Wanda ya shaida wa duniya mijina ya rasu, shi zai yi mini ƙarya?"

Tsoro sosai na ji, ina kallon matar da ta goya ni za ta tafi a kan gaskata mutum.

Majo ya ce ba ita kaɗai ba ce, shi ya sa suka kai kuka ga hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo. An dakatar da tallan, an kuma tilasta wa gidan ya gyara maganar da bakinsa. Muka aika aka ɗauko rediyonta daga gida, bayan la'asar, lokacin sanarwa, muka ajiye shi kusa da kunnenta. Aka yi rasuwa, aka yi ɗaurin aure, aka yi akuyar da ta ɓata a Kelle, ni dai ina cewa ko sun share. Can sai muryar nan ta ce wancan zancen jiƙo talla ne, ba sanarwa ba, mai hawan jini ya koma ga maganinsa.

Gwaggo ta dubi majo ta buɗe baki ta karɓi ƙwaya.

Da muka ga ta fara cin abinci muka kamo hanyar gida. Abin da na taho da shi Damagaram ke nan: a inda mutane suka ba murya amana haka, dole a sami mai ikon ce wa mai muryar ya raba talla da sanarwa. An samu a Gure, shi ya sa muka baro ta da rai. Hannun dai har yau ita ke ɗaga shi da ɗayan.