Bikon Ɗanladi Mai Wayin

Sunan da iyayensa suka sa masa Chibuike, amma in ka shiga Tarauni kana tambayar wannan suna, sai ka gaji da yawo ba ka samu mai shi ba. Ɗanladi za ka ce. Ranar Lahadi aka haife shi a Sabon Gari, wata maƙwabciya Bakanuwa ta liƙa masa sunan, ya bi shi har furfura. Ubansa Ibo ne ma'aikacin reluwe. Yana yaro aka yi gudun rikicin shekarar sittin da shida, suka tafi Gabas, yaƙin basasa ya ci uban a can. Da ƙura ta lafa uwar ta tattaro shi suka dawo Kano, don a nan ta san yadda ake neman abinci. Hausarsa ta fi Ibonsa nesa ba kusa ba, ko faɗa ya tashi yi da Hausa yake yi.

Shagonsa na cikin wani lungu tsakanin Tarauni da Gyadi-Gyadi. Daga gaba kayan shayi ne da sabulu da ashana, ciki kuma bayan wani shuɗin labule kwalaben wayin ne, giyar inabi, jere a kan katako. Ba mashaya ba ce, ba wanda ke zama ya sha. Saya za ka yi, a naɗe maka a tsohuwar jarida, ka kama gabanka. Masu sayen kuwa ba manya ba ne. Nas-nas ne na asibitin Malam, da malaman makaranta 'yan Kudu, da dattawan coci masu neman na jibin Ubangiji, duk mutanen da ke son a ga kwalba a teburin biki ba tare da albashi ya yi kuka ba. Saboda haka na araha yake kawowa, irin masu shigowa ta Kwatano.

Unguwa ta san abin da ke bayan labulen. Malam Isyaku tela, wanda shagonsa ke manne da nasa, ya shekara goma sha yana masa wa'azi.

"Ɗanladi, wannan labulen naka zai kai ka inda ba ka so."

"To Malam, a ci gaba da yi mana addu'a."

Daga nan sai su ja kwanon ƙosai ɗaya su ci.

Abin da unguwa ba ta sani ba shi ne, mai wayin ɗin nan ba shi da harshen wayin ko kaɗan. Harshe ne da tuwo da yaji suka raina, in ka ba shi zoɓo a doguwar kwalba sai ya ce maka daga Faransa ya zo. Matarsa Uzoamaka ce harshen shagon. An kawo masa ita daga wani ƙauye kusa da Oweri tana budurwa, ko "sannu" ba ta iya ba. Hasana matar Malam Isyaku ce ta koya mata Hausa a bakin murhu, har ta zo ta fi malamarta iya baƙar magana.

Duk ranar Asabar da sabon kaya ya sauka, bayan la'asar, sai ta jera ƙananan kofunan shayi a kan benci, ta ajiye gutsuren biredi a gefe. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta ɗaga ido tana kallon rufin kwano kamar mai neman inda yake yoyo, sannan ta yanke hukunci.

"Wannan tsamiya ce aka sa wa riga. Mayar musu."

"Wannan fa?"

"Sukari ne da kala. Amma 'yan bikin suna za su so shi, ajiye kaɗan."

In ta yi shiru ta sake kurɓa ba tare da ta taɓa biredi ba, to shi ne na kirki. Ɗanladi ya tsaya a kanta hannu a ƙugu yana gyaɗa kai, sai ka rantse shi ya gano. Washegari zai maimaita wa masu saye maganarta kalma da kalma, har da ɗaga idon.

Shekarar da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula, kasuwa ta buɗe masa. Kowa na biki, wanda ya ci zaɓe da wanda ɗan'uwan maƙwabcinsa ya ci. Amma daɗin bai daɗe ba. Maganar shari'a ta taso, gari ya ɗauki zafi, sai kuma ga labarin rikicin Kaduna. Kullum motocin Sabon Gari cike suke da katifu da mata da yara. Uzoamaka ta daina barci sosai, in yara suka makara daga makaranta sai ka gan ta bakin titin Zariya da zani a hannu.

"Baban yara, mu tafi gida," ta ce masa wata safiya.

"Wane gida? Nan ne gida."

"Gidanka dai. Ni 'ya'yana nake ji."

Ya taɓa yin gudu sau ɗaya, ya san abin da ya tarar a ƙarshen hanyar. Maimakon ya faɗa mata haka, sai baki ya riga hankali. Ya ce, "In tafiya kike so, ga hanya nan, ba wanda ya ɗaure ki." Kafin mako ya zagayo ta kwashe yara ukun ta shiga mota.

Kano ba ta ƙone a wannan karon ba. Wasu da suka tafi suka fara dawowa da katifunsu, amma ban da Uzoamaka. Ɗanladi ya rame. Ya koma cin abincin sayarwa, yana zama a shago har bayan magariba don kada ya shiga gida ya ji shirun. Kewa ta kama shi irin wadda ba ya iya ɓoyewa, mai sayen ashana ma sai ya ba shi labarin ƙaramar 'yarsa.

Malam Isyaku ya dube shi wata rana ta saman tabarau ya ce, "Kai, wannan fa ba gudun rikici ba ne yanzu. Yaji ne. Magana ka faɗa mata, biko za ka yi."

To a nan aka yi aika-aikar. Ɗanladi bai san wani biko ba sai na Hausa, mai ba shi shawara kuwa Bakano ne tun kaka da kakanni. Suka tafi kasuwar goro ta Mariri, Malam Isyaku ya zauna ya zaɓi farin goro marsa-marsa da hannunsa, yana jefar da duk mai tabo. Aka haɗa da turmin atamfa mai kyau, aka ba wani direban mota ɗan garinsu Uzoamaka ya kai wa babban wanta, tunda mahaifinta ya rasu. Su biyun suka koma suna jiran godiya.

Direba ya dawo da goron yadda aka ƙulle shi. Ya ce dattawan gidan sun yi dariya har da riƙe ciki, bayan dariyar kuma suka ji haushi. A wurinsu goro mai ɓari biyu na taunawa ne a hanya, ba a yin addu'a a kansa, ba a buɗe maganar aure da shi. Nasu shi ne mai ɓari uku ko huɗu, wanda Bahaushe ke kira hannun ruwa ya raina. Sannan wan ya ce a tambayi Ɗanladi, su kaya ya ajiye a wurinsu da zai aiko direba? In yana son matarsa ya zo da ƙafarsa, da abin sha a hannunsa, kamar yadda ya zo ranar da ya nema. Atamfar dai ba ta dawo ba.

"Hannun ruwa?" in ji Malam Isyaku, ya ajiye almakashi. "Wannan mai yauƙin? Ikon Allah!"

Bammi a can za a saya, direba ya ce, amma mai shagon wayin ba ya zuwa gidan surukai hannu rabbana, kuma kowa ya san wadda za ta fara gane abin da ya kawo. Nan hankalin Ɗanladi ya tashi. Tun da Uzoamaka ta tafi yake sayen kaya da ka, har wata nas ta dawo masa da kwalba ta ce ko a miya ba za ta zuba ba.

Ranar Asabar ya kira abokinsa Rotimi, Bayarabe mai gyaran rediyo a Gyadi-Gyadi, wanda ke cika baki cewa ya yi zaman Ikko ya san abin duniya. Ɗanladi ya jera kofunan shayin a benci, ya yanka biredi, ya fito da iri huɗu: na kwali, da mai jan marfi, da mai hoton jirgin ruwa, da wata doguwar kwalba koriya da ba ta cika tafiya ba. Malam Isyaku ya ja kujerarsa waje ya ba su baya, ya ce shi ba ya gani ba ya ji, amma kunnensa na ciki.

Rotimi ya kurɓi na kwali ya lumshe ido. "Oga Ɗanladi, wannan shi ne. Zaƙi kamar rake."

"Uzoamaka cewa take zaƙi ɓoye aibi yake," in ji Ɗanladi.

Suka koma mai jan marfi. Ɗanladi ya riƙe a baki ya ɗaga kai yana kallon rufi. Ba abin da ya gani sai yanar gizo. Ya haɗiye, ya ji wuta a maƙogwaro, shi ke nan. Mai jirgin ruwa ya kama masa dasashi kamar ɗanyen mangwaro. Rotimi kuwa tun daga kofi na uku komai ya zama "shi ne" a wurinsa, har ya fara ba da labarin Ikko da ba wanda ya tambaye shi.

"In zoɓo ne da tuni na raba muku gardama," Malam Isyaku ya faɗa daga waje, bai juyo ba.

Ɗanladi ya zuba na koriyar kwalba. Ba zaƙi sosai, ba kuma tsami, bai ma san me zai ce a kansa ba. Ya zauna da kofin a hannu yana kallon gefen bencin da Uzoamaka take zama. Shekara da shekaru yana tsaye a kanta, bai taɓa cewa ta koya masa ba, don bai taɓa kawo wa ransa ranar da zai zauna nan ba ita ba. Sai da Rotimi ya taɓa shi ya lura ya sake kurɓa har kofin ya ƙare, biredin na nan bai taɓa ba. Ko wayin ne ya yi kyau, ko tunani ne ya ɗauke shi, bai sani ba. Ya ɗaure katan ɗaya na koriyar.

Ya isa ƙauyen da rana tsaka, ya sayi bammi da goron nasu a bakin kasuwa. Yaransa suka rugo suka rungume shi, ƙaramar har ta fara manta Hausa. Aka zauna a tsakar gida ƙarƙashin bishiya. Ya ba da haƙuri da Ibonsa mai ɗingishi, matasa na danne dariya, ya dai kai ƙarshe. Al'adar gidan ita ce babban wa ya zuba abin shan da miji ya kawo a kofi ya kurɓa ya miƙa wa ƙanwarsa. In ta sha ta miƙa wa mijin, magana ta mutu. In ta ajiye a ƙasa, sai ya tashi ya nemi mota.

Uzoamaka ta fito sanye da atamfar. Ta karɓi kofin ta sha, ta zo gabansa ta durƙusa ta miƙa masa. Gida ya kaure da shewa. Yana kai kofin baki, sai ta yi magana ƙasa-ƙasa da Hausa, harshen da duk taron ba mai ji sai su biyu.

"Na sha don kai mijina ne, Ɗanladi. Ban sha don Kano ba. Ba zan sake tsayawa bakin titi ina ƙirga 'ya'yana ba."

Ya kwana uku yana lallashi. Ta ce shi ya dawo nan. Ya dubi garin, ya ga ko hanyar rafi sai an nuna masa, ga shi gemu ya yi fari, wa zai fara sani yanzu? Ba wanda ya ɗaga murya a cikinsu, ba kuma wanda ya sauka daga inda yake.

Ita ta raka shi bakin titi. Suna jiran mota ta fara tambaya, tana kallon wani wuri. Hasana ta sauka lafiya? Me aka samu? Mai wainar bakin kasuwar Tarauni tana nan? An gyara kwatar layinsu kuwa, ko har yanzu sai an ɗage zani? Yana amsawa tana gyaɗa kai, har motar ta tsaya ya shiga ya zauna ta taga. Sai ta matso ta dafa ƙarfen tagar, idonta ya kawo ruwa.

"Duk wannan doguwar tafiya ka yi ta da kwalabe," ta ce, "ba ka zo min da ko ƙullin kuka ba?"

Duk watannin nan ya ɗauka shi kaɗai ke kewa, bai taɓa tunanin ita ma tana can tana kewar garin da ta hana kanta ba. Direba ya ja mota.