Jikokin Audu Muri a Harabar Gidan Rediyo

Har gobe ina tuna ranar da iyalan Audu Muri suka cika mana harabar gidan rediyo. Lokacin ni ne furodusan shirin tarihi, ritaya ta kusa. Aikin furodusa shi ne ya nemo mai labari, ya naɗi muryarsa, ya tace, sannan ya miƙa wa shugabar sashe ta saurara kafin a watsa. Shugabarmu Madam Rifkatu ce, mace mai kirki wadda ba ta son hayaniya ko ta sauro.

Da daminar shekarar wata tsohuwa daga Barade, Dada Hajja, ta zo ofishina. Ta ce mahaifinta soja ne, ya je yaƙin Bama na zamanin Turawa ya dawo. Tana ƙarama auren iyayenta ya mutu, uwarta ta tafi da ita can kan dutsen Mambila, aka daina ambaton sunansa. Sai da ta tsufa ta dawo Jalingo wurin ɗanta.

"Ɗana, ba gado nake nema ba," in ji ta. "Kabarinsa nake so in gani kafin a haƙa nawa."

Na tambayi sunansa, ta ce Audu Muri. Na yi murna, na ce aiki ya zo da sauƙi. Muka sa cigiya: duk mai alaƙa da tsohon soja Audu Muri ya zo ranar Talata.

Abin da ban lissafa ba shi ne yadda Turawa suke ɗaukar soja a wancan zamani. In ka zo, sai su haɗa sunanka da na ƙasarku su rubuta. Ƙasar Muri kuwa ba ta taɓa ƙarancin Audu ba.

Ranar Talata na tarar ba wurin aje babur. Daga Nukkai, daga Kona, har daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, kowa da Audu Murinsa, kowa kuma da shaida a hannu. Wani ya kawo takalmin soja ƙafa ɗaya. Wata ta kawo butar shayi, ta ce har Bama ta je. Wani ya ɗaga hoto yana rantsuwa, na duba na ga rigar ma'aikacin jirgin ƙasa ce, amma ganin faɗin ƙirjinsa na ce masa hoton ya yi kyau.

Madam ta leƙo ta taga. "Malam Sale, ofis ne nan ko tashar mota? Ka sallame su kafin Manaja ya iso, in ba haka ba takardar tuhuma tana jiranka."

Na fara shigo da su ɗaya bayan ɗaya gaban Dada. Ina tambaya: dogo ne? Kowa nasa dogo ne. Mafaɗaci ne? Kowa nasa ya fi. Rana ta take, Dada ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa. Wallahi tausayinta ya kama ni, domin ni na sa mata rai.

Don kada yunwa ta haifar da faɗa, na sa mai ƙosan bakin ƙofa ta juye duk abin da ta soya a faranti, aka kai inuwar mangwaro. Jama'a suka yi caa a kai, hannu ta ko'ina. Sai na ji tsawa daga bayana, muryar da ban san tsohuwar tana da ita ba:

"A jeru! Hannu waje!"

Kowa ya tsaya yana kallonta, wasu da ƙosai a baki. Amma wani tsoho daga Kona, Baba Danjuma, wanda bai kawo shaidar komai ba, ya yar da sandarsa ya ƙame. Ya miƙo hannuwa, ya nuna tafi, ya juya baya, sannan ya karkato kai ya ja kunnensa na dama don a duba.

Dada ta taka a hankali har gabansa. Ta kama yatsunsa ta ƙura musu ido. "Farcenka da datti."

"To sai zagaya rumbu ke nan," in ji shi, da Hausarsa ta mutanen Kona wadda ba ta bambanta mace da namiji. "Wanda ya gama, shi ne ya ci tuwo."

Ta saki yatsun. "Wa ya koya maka wannan?"

"Babana mana. Ko za ka mutu da yunwa, ba ka ci sai ya duba. Kullum yana cewa akwai babban yarinya da an tafi da shi dutse, shi ne hannunsa ya fi tsabta." Ya dube ta da kyau, ya kira ta yadda ake kiran babbar yaya. "Adda, kai ne?"

Madam da ta sauko don ta kore su, ita ce ta fara neman hankici. Mai butar shayi ta rangaɗa guɗa, duk da ba Audunta ba ne.

Da la'asar muka tafi Kona a motar ofis. Kabarin yana bayan gidan su Baba Danjuma, kusa da gonar dawa. Na kunna rekoda ina jiran Dada ta yi dogon jawabi. Ba ta yi ba. Ta durƙusa ta yi addu'a, sannan ta miƙa hannuwanta a kan ƙasar, tafi da baya, ta ce, "Baba, ga su. Ban taɓa ci ban wanke ba."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da na koya shi ne mutane suna iya ara suna, su ari hoto, amma ba sa iya arar tarbiyyar gidan da ba su tashi a ciki ba. Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini da cigiyar kakansa, ba na fara tambayarsa yaƙin da ya yi. Cewa nake, "Zauna tukuna, yaya ake cin tuwo a gidanku?"